Yadda Ake Kiwon Finci Bisa Ma'aunin Iri, Daga Zaɓen Tsuntsu Zuwa Gaban Alƙalin Gasa

Finci suna ne da masu kiwo suke kiran ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba da shi, waɗanda bakinsu gajere ne mai kauri, ya dace da ɓare ƙwaya. Wanda ya ajiye guda biyu a keji don ya riƙa jin kukansu da safe ba ya buƙatar komai sai tsaba mai kyau da ruwa mai tsabta da kulawa. Amma wanda ya ƙuduri niyyar kafa tsatso nasa na kansa, tsatson da sauran masu kiwo za su gani su shaida, dole ne ya san abubuwa biyu waɗanda ba sa rabuwa, wato ma'aunin iri da ƙungiyar da take riƙe da wannan ma'auni.

Ma'aunin iri rubutaccen bayani ne na cikakken tsuntsu, wanda ƙwararrun masu kiwo suka zauna suka amince da shi: yadda kansa zai kasance, da faɗin ƙirjinsa, da tsayuwarsa a kan sanda, da inda kowane launi zai fara da inda zai tsaya. Babu tsuntsun da aka taɓa ƙyanƙyashewa ya cika wannan bayani ɗari bisa ɗari, kuma ba a rubuta shi don a cika shi ba. An rubuta shi ne domin mai kiwo a Ingila da ɗan'uwansa a Holan su riƙa kallon alƙibla guda idan suka zo zaɓen wanda za su haɗa da wane. Muhimmancin wannan ya ƙaru tun daga 1960, lokacin da Ostireliya ta hana fitar da tsuntsayenta zuwa waje, sannan Amurka ta kafa dokar kare tsuntsayen daji a 1992, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shigo da tsuntsayen da aka kamo daga daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da hanin na dindindin a 2007. Tun daga nan, abin da yake cikin kejin masu kiwo shi ne jarin da ake da shi, kuma idan aka bar shi ya lalace ta hanyar haɗe-haɗe barkatai, babu inda za a je a ɗebo sabo.

Mataki na farko shi ne ka tsaya a kan iri ɗaya. Sabon mai kiwo yakan so ya tara kowane launi da ya gani, sai ya wayi gari da kejuna cike da tsuntsaye amma babu tsatso ko ɗaya. Ga wanda yake farawa, zebra ya fi kowane sauƙi. Asalinsa daga Ostireliya ne, an sa masa wannan suna saboda ratsin baƙi da fari da yake maƙogwaron namijin kamar na jakin dawa, yana da juriya, kuma ana bambanta namiji da mace da kallo ɗaya. Bengali ma yana da daɗin sha'ani, kuma shi ba a samunsa a daji ko kaɗan, domin an fitar da shi ne daga wani ɗan tsuntsu na Asiya aka raine shi a Japan fiye da shekara 200, sai dai namijinsa da macensa kamarsu ɗaya, ba a gane namiji sai ya yi waƙa yana kumbura jiki. Guldiyan, wanda masanin tsuntsaye John Gould ya bayyana a 1844 ya sa masa suna don tunawa da matarsa Elizabeth, shi ne mafi ƙayatarwa a cikinsu, amma ba ya jure sanyi da danshi, kuma yana yawan kamuwa da wasu ƙananan ƙwari masu shiga hanyar numfashi. Shawarata ita ce a bar shi sai hannu ya faɗa.

Mataki na biyu shi ne shiga ƙungiya, kuma ya kamata a yi shi kafin a sayi tsuntsu ko ɗaya. Ƙungiyoyin iri biyu ne. Akwai na gama-gari waɗanda suke haɗa masu kiwon kowane irin tsuntsun keji a yanki guda, su ne kan shirya gasa. Akwai kuma na musamman waɗanda suka keɓe kansu ga iri ɗaya ko dangi ɗaya, kuma su ne suke rubuta ma'auni, suke tantance alƙalai, suke fitar wa mambobinsu da zoben shaida da ake sa wa tsuntsu a ƙafa, suke kuma yanke hukunci idan sabon launi ya ɓullo, ko za a karɓe shi ko a'a. A Birtaniya akwai Zebra Finch Society da aka kafa a 1952, da National Bengalese Fanciers Association, da Australian Finch Society, da Waxbill Finch Society. A Amurka akwai National Finch and Softbill Society, wadda take da nata ma'aunai da nata jerin alƙalai. Sama da ƙungiyoyin ƙasashe kuma akwai Confédération Ornithologique Mondiale, wadda aka fi sani da COM, mai shirya gasar duniya kowace shekara. Dole ne ka san tun farko a ƙarƙashin wace ƙungiya za ka riƙa nuna tsuntsayenka, domin ma'aunansu ba ɗaya ba ne, kuma zebra da ya yi fice a wani wuri yana iya rasa maki a wani wurin saboda bambancin abin da ake nema na girma ko na siffar kai.

Amfanin ƙungiya mafi girma ba a takarda yake ba. Yana wajen tsofaffin masu kiwo waɗanda za su bari ka shiga ɗakin tsuntsayensu, su ajiye maka keji biyu gefe da gefe, su tambaye ka wanne ya fi, sannan su nuna maka abin da idonka ya tsallake. Gani ya kori ji, kuma a wannan sana'a awa guda ta irin wannan zama ta fi karatun wata guda.

Mataki na uku, wanda ya fi kowane buƙatar natsuwa, shi ne koyon karanta ma'aunin. Kusan kowane ma'auni yana raba hukunci kashi-kashi: siffar jiki, da girma, da tsayuwa, da launi, da zane, da ingancin gashi, da lafiyar jiki gaba ɗaya. Abin da sabon shiga ya fi kuskurewa shi ne ya fara da launi, alhali kuwa gogaggun masu kiwo da siffa suke farawa, saboda launi ana iya gyara shi cikin haihuwa biyu ko uku, amma ƙanƙancewar kai ko ƙuncin ƙirji idan suka kafu a tsatso, fitar da su aikin shekaru ne.

Mu ɗauki namijin zebra mai launin asali, wato ruwan toka, mu bi shi daga baki zuwa wutsiya. Ana son bakin ya zama gajere, ja wur, ya zauna daidai da fuska ba tare da ya yi tsini ba. Kan ya zama kewayayye mai faɗi idan aka dube shi ta gaba, ya gangaro ya haɗu da baya ba tare da wani lotsawa a ƙeya ba. Ƙarƙashin ido akwai baƙin layi siriri da ake kira zanen hawaye, kuma ana son ya fito tsaf, na dama daidai da na hagu. Kumatun ruwan lemo ne mai ƙarfi, da iyaka bayyananniya, ba su malala zuwa wuya ba. Ratsin maƙogwaro ya sauko a jere har ya tsaya a kan baƙar ɗamarar da ta ratsa ƙirji, ɗamarar kuma ta zama mai faɗi ɗaya daga gefe zuwa gefe, gefenta na ƙasa a yanke sarai. A haƙarƙari akwai ja mai duhu wanda fararen ɗigo suka bi, kuma ana son ɗigon su zama zagayayyu, a warwatse daidai, ba su cure wuri guda ba. Fukafukai su kwanta lif a jiki, bakinsu ya haɗu a gindin wutsiya ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ko ya zube ƙasa ba, wutsiyar kuma ta nuna ratsinta na baƙi da fari a jere. Ita macen ba ta da kumatu masu launi, ba ta da ɗamara, ba ta da ɗigon haƙarƙari, bakinta ma ruwan lemo ne, don haka duk wata inuwar baƙi da ta bayyana a ƙirjinta aibi ne. Wannan rashin ado nata shi ya sa alƙali yake ganin siffar jikinta fiye da ta namiji, kuma mai kiwo mai hankali yakan fi tsananta zaɓe a kan mata.

A wajen Guldiyan kuwa iyakokin launi su ne kan gaba. Fuskar tana zuwa baƙa ko ja ko rawaya, baƙar ita ta fi yawa a daji, rawayar kuma ba a cika samunta ba. A mai jar fuska ana son siririn baƙin layi ya zagaye jan, bayansa shuɗin layi mai haske, sannan koren baya, ƙirji shunayya, ciki rawaya, kowanne ya tsaya a iyakarsa kamar an ja da alƙalami, ga dogayen gashin tsakiyar wutsiya guda biyu a miƙe.

A nan ne ya kamata in faɗi abin da yake damuna. Zebra na daji nauyinsa wajen giram 12 ne, amma na gasa a yau yakan kusan ninka haka, domin shekara da shekaru ana fifita babba a kan ƙarami. Girma ba laifi ba ne idan ƙashi da tsoka ne, amma sau da yawa kitse ne da dogon gashi, kuma sakamakonsa shi ne tsuntsu mai nauyin jiki wanda ba ya iya barbara yadda ya kamata, ƙwai kuma su riƙa fitowa babu ɗa. Babu ma'aunin da ya ce a sadaukar da haihuwa saboda girma. Idan ka karanta da kyau za ka ga kalmar daidaito tana maimaituwa, kuma tsuntsun da ba ya iya ciyar da 'ya'yansa ba shi da abin da zai ƙara wa tsatso ko da ya ci kofi.

Mataki na huɗu shi ne sayen tushe. Ka sayi namiji biyu ko uku da mata daidai da su daga hannun mai kiwo ɗaya wanda yake nuna tsuntsayensa a gasa, maimakon ka tsinto ɗaya nan ɗaya can, domin tsuntsayen gida ɗaya sun riga sun yi kama da juna a jini, 'ya'yansu kuma za su fito kusa da abin da ka gani. Kada ka sa ran zai sayar maka da zakaransa na gasa, amma ƙanin zakara ko 'yarsa sun ishe ka. Ka tambayi shekarunsu ka duba zoben ƙafa ka tabbatar, ka tambayi launin iyaye da kakanni, sannan ka riƙe tsuntsun a hannu ka shafa ƙashin ƙirjinsa, idan ya yi kaifi kamar wuƙa to ramamme ne. Ka kara shi a kunne ka saurari numfashinsa, kada ka ji ƙara ko wani ƙas-ƙas. Idan ka kai su gida, ka killace su nesa da sauran tsuntsaye na aƙalla kwana 30.

Mataki na biyar shi ne haɗa namiji da mace, kuma a nan ne ilimin gado yake shigowa. Sauye-sauyen launi suna bin hanya uku. Akwai mai rinjaye, wanda uba ko uwa ɗaya ya isa ya fitar da shi a jikin 'ya'ya. Akwai mai ɓuya, wanda ba ya bayyana sai ɗa ya gaje shi ta ɓangarori biyu, irin fari fat da roɗi-roɗi a zebra, ko farin ƙirji da shuɗin jiki a Guldiyan. Idan ka haɗa tsuntsaye biyu waɗanda kowannensu yake ɗauke da irin wannan launi a ɓoye, a lissafi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai nuna shi, biyu su ɗauke shi a ɓoye, ɗaya kuma ya fita babu shi, ko da yake sheƙa guda ba lallai ta bi lissafin daidai ba. Na uku shi ne mai bin jinsi, kuma a tsuntsaye mace ce take da ƙwayoyin jinsi mabambanta, saɓanin yadda yake a ɗan'adam, don haka mace ba ta iya ɓoye irin wannan launi, idan tana da shi za a gan shi a jikinta. Misali, idan ka haɗa namijin zebra mai ruwan ƙasa mai haske da mace mai ruwan toka, duk 'ya'ya matan za su fito da launin ubansu, duk mazan kuma su fito ruwan toka suna ɗauke da launin uban a ɓoye, har kana iya sanin jinsinsu tun suna cikin sheƙa. Haka namijin Guldiyan mai baƙar fuska da mace mai jar fuska suke ba da maza masu jar fuska da mata masu baƙar fuska.

Bayan launi, ƙa'idar ita ce kada ka haɗa biyu masu aibi iri ɗaya. Idan namijin yana da ƙaramin kai, ka nemo masa mace mai cikakken kai, ba mai kan da ya wuce kima ba, domin aibi biyu masu karo da juna ba sa haifar da daidai. Masu kiwon kanari, wanda shi ma ɗan dangin finci ne, sun daɗe da koyon wannan darasi. A irin Gloster ba a haɗa mai tukku da mai tukku, sai dai mai tukku da marar tukku, saboda ɗan da ya gaji tukku ta ɓangarori biyu ba ya rayuwa, kuma idan aka daɗe ana haɗa masu laushin gashi da junansu, ƙulluttai sukan fito a fatar 'ya'yan. Haɗa dangi, kamar kaka da jika, yana kafa kyawawan siffofi, amma yana kafa munana ma, don haka da zarar ƙwai sun fara ƙin ƙyanƙyashewa ko 'ya'ya sun fara fitowa da rauni, lokacin shigo da sabon jini ya yi. Kada a sa mace kwanci kafin ta kai wata tara zuwa shekara, kuma kada ta wuce sheƙa biyu ko uku a shekara. Wasu suna ɗauke ƙwan Guldiyan su sa wa Bengali ya yi musu reno don su sami yawa, amma ni ina ganin tsatson da yake renon 'ya'yansa da kansa ya fi daraja.

Mataki na shida shi ne zobe da rajista. Zebra tana yin ƙwai huɗu zuwa shida, ta yi kwanci na kwana 12 zuwa 14, 'ya'yan kuma su bar sheƙa bayan kamar mako uku. Zoben da ƙungiya take bayarwa rufaffe ne, ba shi da tsaga, faɗinsa bai kai milimita 3 ba, an buga masa lambar mai kiwo da shekara da lambar tsuntsun, kuma a ƙungiyoyi da yawa launinsa yana sauyawa kowace shekara. Ana sa shi ne lokacin da ɗan yake tsakanin kwana bakwai da goma, kafin ƙafar ta yi girma. Ka kwantar da ɗan a tafin hannu, ka haɗa yatsun gaba guda uku ka zura su cikin zoben, ka kwantar da yatsan baya a jikin ƙafar, ka tura zoben a hankali ya wuce shi, sannan ka sa tsinke siriri ka zaro yatsan bayan. Washegari ka leƙa, domin zoben yakan zame idan an yi sauri, wani lokaci kuma iyayen sukan ɗauke shi a matsayin datti su yi ƙoƙarin fitar da shi. Tun da ba ya shiga ƙafar babban tsuntsu, shi ne shaidar cewa a hannunka aka ƙyanƙyashe shi kuma a wace shekara, kuma a Birtaniya dokar namun daji ta 1981 ta wajabta irin wannan zobe kafin a sayar da wasu tsuntsayen ƙasar da aka haifa a keji. A littafinka ka rubuta lambar uba da ta uwa, da ranar ƙwan farko, da adadin da aka ƙyanƙyashe, da launin kowane ɗa, da halin iyayen wajen ciyarwa.

Zaɓen 'ya'yan da za a riƙe ba a yin sa sai sun gama sake gashi na farko, wanda a zebra yakan kammala cikin wata uku, a Guldiyan kuma yakan ɗauki watanni da dama fiye da haka. Ka jera su a kejunan gasa, ka ja da baya kamar taku uku, ka dube su da hasken rana. Waɗanda ba su kai ba ka ba wa masu son kiwon sha'awa, ka faɗa musu gaskiyar dalilin da ya sa ka fitar da su.

Mataki na bakwai shi ne shirin gasa. Kowace ƙungiya tana da kejinta na gasa mai ƙayyadadden girma da fenti da wurin sanduna, domin kada alƙali ya gane na wane ne, kuma keji marar bin ƙa'ida yana iya sa a fitar da tsuntsu kafin a dube shi. Makonni kafin ranar, ka riƙa sa tsuntsun a ciki na ɗan lokaci, kana ƙarawa kullum, kana ɗaga kejin kana sauya masa wuri, kana barin baƙi su tsaya a gabansa. Ka duba gashinsa kamar wata biyu kafin gasar, domin gashin wutsiya ko na fiffike da ya fita yana buƙatar wajen mako shida kafin ya dawo. Ka riƙa fesa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi, ka dakata saura kwana biyu ko uku don gashin ya kwanta ya yi sheƙi, ka rage farcen da ya yi tsawo, ka goge ƙafafu da zoben. Rini ko datse gashi don ɓoye aibi maguɗi ne, kuma ƙungiyoyi suna hukunta mai yin sa.

Ka karanta jadawalin ajujuwa da kyau kafin ka cika takarda, domin tsuntsun da aka shigar a ajin da ba nasa ba ya yi asarar ranar. A Birtaniya ana raba sababbin shiga da gogaggu, akwai kuma aji na tsuntsayen bana waɗanda mai su ya ƙyanƙyashe da kansa, kuma an saba nuna zebra namiji da mace tare, don haka sai sun dace da juna a girma da launi. A gasar COM kuwa ana nuna tsuntsu shi kaɗai ko rukunin huɗu, ana ba kowanne maki cikin 100, waɗanda suka yi nasara sukan sami 90 ko sama da haka kaɗan, rukunin huɗu kuma yana samun ƙarin maki gwargwadon kamar da suka yi da juna.

Alƙali yana da 'yan mintoci ne kawai a kan kowane keji. Zai ajiye shi daidai idonsa, ya ɗan motsa siririyar sanda a gabansa don tsuntsun ya hau sama ya juya, ya duba gefen dama da na hagu, ya leƙa ta sama don ya ga faɗin kafaɗa. Tsuntsun da ya maƙale a ƙasan keji yana haki ba za a ga kyansa ba, komai ingancin jininsa, kuma a nan ne horon makonnin baya yake biyan mai shi. Idan an gama hukunci aka buɗe zaure, ka nemi alƙalin cikin ladabi ya tsaya tare da kai a gaban kejinka da na wanda ya yi na ɗaya, ka tambaye shi inda bambancin yake. Ka rubuta abin da ya faɗa a gefen lambar zoben tsuntsun. Idan kun dawo gida, ka ware waɗanda suka je gasar na 'yan makonni kamar baƙi, saboda sun shaƙi iska ɗaya da ɗaruruwan tsuntsaye, sannan ka buɗe littafin ka fara tsara wanda za ka haɗa da wane a kakar kwanci mai zuwa.